Bayan An Cire Tairod: Neman Awon Maganin Da Jiki Zai Amince Da Shi

Wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo yakan bar asibiti da abu biyu: tabo a gindin wuya, da takardar wata 'yar ƙwaya da aka ce ya riƙa sha kowace safiya. Tabon yana warkewa cikin makonni. Ƙwayar kuwa ita ce mafarin ruɗanin da kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Akwai masu ɗaukarta kamar maganin zazzaɓi, da zarar kwali ya ƙare sai su ce an gama. Akwai kuma masu shanta ba fashi, likita ya duba takardar gwajin jini ya ce komai daidai, alhali su sun san jikinsu bai koma yadda yake ba: kasala, jin sanyi ana tsakiyar bazara, ƙiba, mantuwa, zubewar gashi. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wannan ya ce maganin jabu ne, wancan ya ce a ninka awon, wani ya ce a intanet ya ga wanda ya fi shi. Ya kamata a rarrabe abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa da abin da har yau suke saɓani, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Ma'anar kalmomi

Tairod wata 'yar gaɓa ce mai taushi a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya. Tana da ɓangare biyu, dama da hagu, da suka rungumi maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Idan ta kumbura ta fito fili, ita ce Bahaushe ke kira maƙoƙo. Aikinta sarrafa homon, wato sinadarin da wata gaɓa ke zubawa cikin jini domin ya kai saƙo ga sauran sassan jiki. Homon ɗin tairod shi ne ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi, kuma yana da hannu a bugun zuciya, da motsin hanji, da kaifin tunani, da al'adar mata.

Homon ɗin iri biyu ne, T4 da T3. Lambobin suna nuna yawan ƙwayoyin aidin da ke maƙale da kowanne, aidin ɗin nan da ake sa wa gishiri, wanda Nijeriya ta wajabta sanyawa tun 1993 domin rage maƙoƙo. Mafi yawan abin da tairod ke fitarwa T4 ne, amma wanda ke yin aikin a cikin jiki T3 ne. T4 kamar hatsi ne a rumbu, T3 kuwa garin da aka niƙa. Hanta da ƙoda da sauran sassa su ne ke niƙan, ta hanyar cire ƙwayar aidin ɗaya daga T4. Kusan kashi 80 cikin 100 na T3 da ke yawo a jini ta haka ake samunsa, ragowar kashi 20 kuwa tairod ce ke zuba shi kai tsaye. A riƙe wannan kashi 20 ɗin, domin a kansa ne gardamar duka ta ginu.

Sai TSH. Shi ba daga wuya yake fitowa ba. Wata gaɓa mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ana kiranta fituwitari, ita ke aiko shi ya zaburar da tairod. Idan homon ya yi ƙaranci a jini sai TSH ya hau, idan ya yi yawa sai ya sauka. Mutane da yawa suna karanta takardar gwajin a baibai: su ga TSH ya yi sama su ɗauka magani ne ya yi musu yawa, alhali nuni ne cewa bai isa ba. A yawancin ɗakunan gwaji, daga kamar 0.4 zuwa 4.0 ne ake ɗauka daidai.

Ana cire tairod saboda ciwon kansa, ko ƙullin da ake zargi, ko maƙoƙon da ya danne maƙogwaro, ko kuma cutar da ke sa ta aiki fiye da kima. Wanda aka cire wa rabi, sau da yawa ragowar rabin yana riƙe shi, sai dai kusan ɗaya cikin biyar na irinsu sukan buƙaci magani daga baya. Wanda aka cire wa duka ba shi da zaɓi: zai sha har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda aka zo nan

Likitoci sun koyi wannan darasi da tsada. A 1883, Theodor Kocher, shahararren likitan tiyata na birnin Bern a Suwizalan, ya bi sawun mutanen da ya cire wa maƙoƙo ɗungurungum, ya tarar da yawancinsu sun kumbura, sun yi sanyin jiki, hankalinsu ya dusashe, yaran cikinsu sun daina girma. Daga nan ya daina cirewa duka sai bisa larura, kuma aikinsa a kan tairod ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1909. A 1891 George Murray na Niyukasil a Ingila ya yi wa wata mata mai shekara 46 da ke fama da ƙarancin homon ɗin tairod allurar ruwan tairod ɗin tumaki, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. Edward Kendall ya ware sinadarin T4 a asibitin Mayo na Amurka a 1914, aka haɗa shi a ɗakin gwaji a 1927, sannan Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers suka gano T3 a 1952.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 1970. A cikinta masu bincike Braverman da Ingbar da Sterling suka nuna cewa mutanen da ba su da tairod, idan aka ba su T4 kaɗai, ana samun T3 a jininsu. Ma'ana jiki yana niƙa hatsinsa da kansa. Tun daga nan likitoci suka raja'a ga ƙwayar T4, wato lebotairoksin, wadda ake rubutawa levothyroxine a jikin kwali, da sunayen kasuwa irin su Euthyrox da Eltroxin da Synthroid. Tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sinadarin da ke cikinta iri ɗaya ne da wanda tairod ke yi, don haka ba baƙo ba ne ga jiki.

Awon farko ƙiyasi ne

Ana auna maganin da maikrogiram, kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Ga babban mutum da aka cire wa tairod duka, akan fara da kamar maikrogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 70 ke nan zai fara da wajen 112 a rana. Amma lissafin ba ya kama kowa. Mai ƙiba yakan buƙaci ƙasa da abin da nauyinsa ya nuna, domin tsoka ce ke cin homon ba kitse ba. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ana bi da su a hankali. Saboda haka gyaran awo sau biyu ko uku a shekarar farko ba alamar kuskuren likita ba ne.

Abin da ke gajiyar da mutane shi ne jira. Lebotairoksin yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabinsa ya bar jini, shi ya sa duk sauyin awo sai ya yi mako 6 zuwa 8 kafin jiki ya zauna a kansa. Gwajin da aka yi bayan mako biyu ba ya faɗin gaskiya. Akan ƙara ko a rage da maikrogiram 12.5 zuwa 25, a sake jira, a sake gwaji. Idan an dace, gwaji sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Abubuwan da ke tare wa ƙwayar hanya

Nan ne ya fi cancantar a tsaya, domin mafi yawan masu cewa maganin ba ya yi musu aiki, matsalar tana nan, kuma mai gyaruwa ce.

Lebotairoksin ba ya son abokin tafiya a ciki. Ana shansa da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kalaci. Wanda ya haɗiye shi da shayi mai madara, ko ya bi shi nan take da koko da ƙosai, wani kaso na awon zai wuce ba tare da hanji ya tsotse shi ba. Kofi yana yin haka, waken suya ma haka, ko awara ce ko madararsa. Wanda safiya ba ta yi masa ba yana iya mayar da shi lokacin kwanciya, muddin an yi awa 3 da cin abinci. Abin da ake so shi ne tsari ɗaya kullum, domin a kan wannan tsarin ne aka gina awon.

Sai magunguna. Bayan tairod akwai wasu ƙananan gaɓoɓi guda huɗu, ana kiransu faratairod, masu kula da sinadarin kalsiyam na ƙashi da jini. Tiyata takan taɓa su, sai mutum ya riƙa jin tsitsitsi a leɓe da yatsu, ko tsoka ta riƙa ɗaurewa, shi ya sa ake sallamar mutane da yawa da ƙwayar kalsiyam. To ita wannan ƙwaya tana kama lebotairoksin a hanji ta hana shi shiga jini. Mara lafiya da bai sani ba sai ya zuba su a tafin hannu ɗaya ya haɗiye. Dole a raba su da awa 4. Haka maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da farin ruwan nan na ƙwannafi. Magungunan olsa irin su omefrazol suna rage tsamin ciki, wanda ƙwayar ke buƙata kafin ta narke, kuma ƙwayar cutar da ke haddasa olsar ita kanta tana rage tsotsar maganin. Rifamfisin na tarin tibi da wasu magungunan farfaɗiya suna sa hanta ta ƙone homon da sauri. Akwai kuma bayotin, wanda ake sha don gashi da farce: shi ba ya taɓa maganin, amma yana iya rikita sakamakon gwajin, don haka a dakatar da shi kwanaki kaɗan kafin a ɗebi jini.

A watan azumi tsarin safiya yana rushewa. Mafita biyu ce ta fi sauƙi: a farka da wuri a sha ƙwayar rabin awa ko fiye kafin sahur, ko a sha ta da dare bayan abincin buɗa-baki ya yi awa 3 a ciki. Shan ta tare da kunun buɗa-baki wata guda cur yana iya ɗaga TSH.

Zafi ma abokin gaba ne. Masu sarrafa maganin da yawa suna cewa a ajiye shi ƙasa da digiri 25, nesa da haske da laima. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin Afrilu yakan haura 40. Ƙwayar da ta kwana a mota, ko ta yi watanni a faranti a kan mai talla, ko a shagon da rufin kwano ke gasawa, ba lalle ba ne ta ɗauki ƙarfin da aka rubuta a jikinta. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC ko ta hukumar ƙasar da mutum yake, a bar ta cikin ledarta a wuri mafi sanyi na ɗaki.

Sauya kamfani kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A Faransa a 2017, kamfanin Merck ya sauya abubuwan da ake haɗa ƙwayar Levothyrox da su, sinadarin maganin yana nan yadda yake, amma dubban mutane suka kai ƙorafin kasala da jiri da zubewar gashi, har hukuma ta sa aka dawo da tsohon samfurin na wani lokaci. Wanda ya sami samfurin da ya karɓe shi ya tsaya a kansa. Idan ya yanke a kasuwa aka sauya, a yi gwaji bayan mako 6 zuwa 8.

Gwaji ya ce lafiya, jiki ya ce a'a

Bayan an gyara duk waɗannan, akwai ragowar mutane, ana ƙiyasta su tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, da TSH ɗinsu ke daidai amma ba su jin daɗin jikinsu. A kansu ne masana suka rabu.

Ɓangare na farko yana cewa jikin da ba shi da tairod ya rasa kashi 20 ɗin nan na T3, kuma ba kowa ne ke iya cike giɓin ba. Suna da hujja. A Kataniya ta Italiya, Gullo da abokan aikinsa sun duba mutum 1,811 da aka cire wa tairod, suka wallafa a 2011 cewa kusan kashi 15 cikin 100 suna da ƙarancin T3 a jini duk da TSH ɗinsu daidai yake. A asibitin Kuma da ke Kobe a Jafan, an ga cewa T3 ba ya komawa matsayinsa na kafin tiyata sai an ɗan danne TSH ƙasa. Wasu kuma suna nuni da wani bambanci na gado a sinadarin da ke mai da T4 zuwa T3. Tun a 1999 wani ƙaramin bincike a Kaunas ta Lituweniya, mai mutum 33, ya nuna cewa haɗa T4 da ɗan T3 ya kyautata yanayin zuciya da tunanin marasa lafiya, kuma shi ne ya kunna wutar maganar.

Ɓangare na biyu yana cewa an sake irin wannan gwaji fiye da sau goma bayan 1999, kuma akasarinsu ba su ga fifikon haɗin a kan T4 kaɗai ba. A 2008 wata mai bincike, Jonklaas, ta auna mutum 50 kafin tiyata da bayanta, ta ga T3 ɗinsu ya dawo daidai da lebotairoksin kawai. Suna kuma tunatarwa cewa kasala da ƙiba da mantuwa ba tairod kaɗai ke kawo su ba. Ƙarancin jini, ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, rashin isasshen barci, ɗaukewar al'ada, ciwon damuwa, da fargabar wanda aka gaya wa yana da kansa, kowanne yana iya sa rigar wannan ciwo. Shi ya sa ƙungiyar masana tairod ta Amurka, a jagorarta ta 2014, ta tsaya a kan lebotairoksin a matsayin maganin asali.

Takwararta ta Turai ta buɗe 'yar ƙofa a 2012: wanda ya kiyaye shan magani, aka kore sauran dalilai, kuma bai sami sauƙi ba, ƙwararren likita na iya gwada ƙara masa ɗan liyotaironin, wato ƙwayar T3, a rage T4 kaɗan, a duba bayan wata 3, idan babu sauyi a daina. A 2021 ƙungiyoyin Amurka da Birtaniya da Turai sun fitar da matsaya ɗaya cewa tsofaffin gwaje-gwajen suna da rauni, domin da yawansu sun haɗa masu ƙorafi da marasa ƙorafi a kwando ɗaya, kuma ana buƙatar sababbi.

A ganina matsayin Turai ya fi kusa da adalci. Likitan da ya kalli takarda ya sallami mai kuka da cewa lambobinsa sun yi kyau bai gama aikinsa ba, domin tsakanin 0.4 da 4.0 akwai fili mai faɗi, kuma wani sai an matsar da shi cikin filin nan yake jin daidai. Amma T3 ba abin wasa ba ne. Yana hawa jini da sauri ya sauka cikin kwana guda, sai an raba shi sau biyu a rana, yana iya sa faɗuwar gaba, kuma ba a ba mai juna biyu ko mai rikicin bugun zuciya. Ga tsada da wuyar samu. A Birtaniya farashin kwalinsa ya tashi daga fam 20 a 2009 zuwa fam 248 a 2017, abin da ya sa hukumar kula da gasar kasuwa ta ci kamfanonin da abin ya shafa tarar fiye da fam miliyan 100 a 2021.

Maganin da ake kira na halitta

Wanda ake yawan tallatawa a intanet shi ne busasshiyar tairod ta dabba, irin su Armour Thyroid. Abu na farko da mai karatu ya kamata ya sani: daga alade ake yin mafi yawansa. Hukuncin wannan na malamai ne, amma bai dace mutum ya sha bai san tushensa ba. Na biyu, a tairod ɗin alade T4 ya ninka T3 sau 4 ne kawai, a ta ɗan'adam kuwa kusan sau 14, don haka T3 ɗinsa ya fi abin da jikin mutum ya saba da shi. A wani gwaji na mutum 70 a asibitin soja na Walter Reed a Amurka a 2013, kusan rabinsu sun ce sun fi son sa, amma awon alamomin ciwon bai nuna bambanci a fili ba. Babu wata babbar ƙungiyar masana da ta sa shi a gaban lebotairoksin.

Mai kansa da mai juna biyu

Ba kowa ake nema wa lamba ɗaya ba. TSH yana iya zaburar da ragowar ƙwayoyin kansar tairod, don haka akan danne shi da gangan. Jagorar Amurka ta 2015 ta ce ƙasa da 0.1 ga wanda haɗarin dawowar ciwon ya yi yawa, 0.5 zuwa 2 ga mai ƙaramin haɗari. Ana sassautawa idan shekaru suka wuce lafiya, domin danne TSH na tsawon lokaci yana da farashi: rikicewar bugun zuciya, musamman ga tsofaffi, da zaizayewar ƙashi ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Wannan farashin ne mai ƙara wa kansa awo don neman ƙarfi ko rage ƙiba yake biya, ba tare da wata riba ba.

Mace da aka cire wa tairod tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya ta shayar. Sai dai a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta dogara ne ga T4 na uwa, buƙatarta kuma takan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Shawarar da aka sani ita ce da zarar ciki ya tabbata ta ƙara ƙwaya biyu a mako, ta nemi likita ba jinkiri, a riƙa gwaji kusan duk mako 4 har tsakiyar cikin. Tsoron cewa maganin zai cutar da jariri yana sa wasu su ajiye shi, alhali ajiyewar ce ke jawo ɓari da haihuwa kafin lokaci. Ta kuma tuna raba shi da maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki.

Idan aka daina sha

Daɗewar maganin a jini tana yaudara. Wanda ya daina yau ba zai ji komai ba gobe, ko a makon farko, sai ya ɗauka ya warke, ko ya gaskata mai maganin da ya ce masa ya rabu da ƙwayar asibiti. Gishiri mai aidin ko wani jiƙo ba za su maye gurbinta ba, domin gaɓar da ke sarrafa aidin ɗin ba ta nan. Bayan makonni sai fuska ta kumbura, murya ta dishe, hanji ya ɗaure, zuciya ta rage gudu, kitsen jini ya hau. Idan abin ya yi nisa, musamman ga tsoho da sanyin hunturu ko wata rashin lafiya ta tarar a haka, yana iya faɗawa dogon suma mai kisa.

Mantuwar kwana ɗaya kuwa ba ta kai a tada hankali ba. A sha da zarar an tuna, ko a haɗa ta jiya da ta yau, sai dai mai ciwon zuciya ya fara tambayar likitansa. Wanda zai yi doguwar tafiya, ko yake nesa da babban gari, ya tanadi na wata biyu ko uku kafin na hannunsa ya ƙare, ya kuma rubuta sunan samfurin da awonsa da sakamakon TSH na ƙarshe a takarda ɗaya da zai nuna wa duk likitan da ya tarar.